Tukur Tela da Waƙar Kaɗi

Tukur Yahaya shekararsa arba'in da huɗu. Tela ne, yana da keken ɗinki ɗaya da rumfa a layin maɗinka na kasuwar Bodinga. Matarsa ɗaya, Salamatu, da 'ya'ya mata uku. Babbar, Lami, ta isa aure, har wani saurayi ya fara zuwa zance ƙofar gidansu.

A Shagari aka haife shi. Mahaifiyarsa Zulai ta rasu tun ba a yaye shi ba, sai maƙwabciyarsu Kaltume ta ɗauke shi ta shayar da shi tare da 'yarta. Ita yake kira Inna har yau. Dangin uba yana da su, ga baffansa Ummaru nan da ransa a Shagari yana noman albasa. Dangin uwa kuwa bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Tun yana yaro aka gaya masa mutanen nesa ne, yunwa ta watsa su. Bai ƙara tambaya ba.

Kafin mulkin kai da kaɗan ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya iya karatun boko da rubutunsa. Daga nan duk lokacin da ya je Sakkwato sayen zare da allura sai ya dawo da ƙaramin littafi a aljihu. Waɗanda suka fi kama masa rai su ne labaran zamanin da, musamman inda ake soyayya kuma wani yana yawo da sunan da ba nasa ba, sai can ƙarshe asiri ya fito. Da daminar bana, shekara ta 1963, aiki ya yi sanyi saboda mutane suna gona, sai ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya fara nasa. Niyyarsa in ya gama ya aika Zariya ko za a buga.

Labarin da ya shirya na zamanin da jama'a suka cika Sifawa ne, tun kafin kakanninmu. Wata yarinya ce 'yar sarkin wata ƙasa mai duwatsu can kudu, aka kamo ta a yaƙi tana ƙarama, ta tashi a Sifawa da sunan aro tana kaɗin auduga. Sai wani saurayi ya zo garin a matsayin farken gishiri, alhali manzon ubanta ne da aka aiko nemanta. Suka so juna, ba wanda ya san ko wane ne ɗan'uwansa. Abin da ya rage wa Tukur shi ne alamar da saurayin zai gane ta da ita. Ya duba zobe, ya duba tabon haihuwa, ya ga littattafai sun riga sun cinye su. Sai ya tuna da waƙar Inna Kaltume.

Waƙa ce gajera da tsohuwar take yi in tana kaɗi. Ba Hausa ba ce, ba Fillanci ba, ba Zabarmanci ba. Duk matar da ta taɓa kai mata auduga a Shagari ta ji ta, kuma ba wadda ta taɓa damuwa da ita. Tukur ya tashi da ita a kunne. Ya rubuta ta yadda bakinsa ya iya, ya sa a bakin 'yar sarkin. A ganinsa girmama Inna ya yi.

Da ya yi nisa sai ya ji yana son a ji. Ranar kasuwa, bayan la'asar, lokacin da ciniki ya fara lafawa, ya rufe kan keke da ƙyalle ya buɗe littafi ya fara karantawa da ƙarfi. Maƙwabcin rumfarsa, Sodangi wanzami, wanda suka yi shekaru suna tsokanar juna, ya ɗaga kai daga kan da yake askewa.

"Tukur, ka ce ga ta nan ga ta nanku mana, mutane su san inda kad dosa."

"Wanga littahi na, Sodangi. Ka taɓa ganin littahi da ga ta nan a bakinai?"

"Ni ko littahin ban taɓa gani hannun tela ba. Almakashi munka saba gani."

Aka yi dariya, Tukur ya ci gaba.

Maganar Sodangi ba wasa ba ce zalla. A wannan ƙasa tatsuniya tana da lokacinta da masu yin ta, tana da ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma da an buɗe ta kowa ya san ƙarya ce za a sha. Abin da namiji baligi ya karanta daga takarda da rana tsaka kuwa wani abu ne dabam. Ko malami ne yake karanta tarihin magabata, ko ma'aikacin En'e ne yake karanta sanarwa. Mutanen da suka taru a rumfar Tukur yawancinsu ba su taɓa jin an karanta ƙarya daga takarda ba. Ga shi kuma ya ambaci Sifawa, ya ambaci rijiyoyi da unguwannin da suka sani. Suka saurara kamar yadda ake sauraron tarihi.

Kasuwa bayan kasuwa taron yana ƙaruwa. Masu jakuna suna ɗaure dabbobinsu su tsaya, masu tallar fura suna sauke ƙwarya. Ranar da ya kai wurin da farken ya ji yarinyar tana waƙa a bayan danga, Tukur bai tsaya ga karantawa ba, rera ta ya yi. Muryarsa ba ta da daɗi, amma ya kama karin daidai. Akwai mutanen Shagari a wurin da suka kawo gero. Ɗaya daga cikinsu ya ce:

"Kai! Wagga ai waƙar tsohuwa Kaltume ta."

Tukur ya yi murmushi ya ce, "Ashe ka gane ta." Ya ji daɗi ƙwarai, ya juya shafi.

Kafin kasuwa ta sake zagayowa maganar ta kai Shagari ta dawo. A hanya 'yar sarki ta faɗi, farke ya faɗi, soyayya ta faɗi. Abin da ya iso shi ne: an karanta a takarda cewa Kaltume kamo ta aka yi. Shekarunta sun kai saba'in, wato ta riski lokacin da ake kamo mutane. Lissafin ya yi wa mutane daidai.

Bauta ta daɗe da ƙarewa a doka, kuma ba wanda zai hana jikan bawa rumfa a kasuwa ko sahu a masallaci. Amma in aure ya tashi ana binciken asali, kuma a irin wannan magana gefen uwa ake bi. Kaltume tana da jika mai suna Safinatu, 'yar 'yarta da ta rasu, a hannunta ta tashi. Safinatu da Husaini, ɗan Mainasara dillalin albasa na Bodinga, sun daɗe suna son juna. An kai goro, an sa rana bayan kaka. Atamfofin amarya ma suna rumfar Tukur, don shi ne kawunta na nono, kuma ya riga ya sa musu almakashi.

Sai Mainasara ya aika Shagari cewa a dakata.

Da Tukur ya ji, ya bar rumfa a buɗe ya tafi gidan Mainasara. Ya same shi a zaure, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo kamar ba abin da ya kawo shi. Sannan ya ce:

"Ranka shi daɗe, labarin nan ƙarya ta. Ni nash shirya shi cikin rumhwata, ina zaune kan kujerar ɗinki."

Mainasara mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ba mu ce an hwasa ba, Tukur. Mun ce a dakata. Ɗiyar sarkin, kai kash shirya ta?"

"Ni na."

"Mai gishirin hwa?"

"Shi ma ni na."

"To waƙar?"

Mainasara ya ci gaba:

"Waƙar ba kai kash shirya ta ba. Uwar Husaini mutuniyar Shagari ta, ta ji ta bakin tsohuwar tun tana yarinya. Da muna ji muna wucewa. Kai kaz zo da takarda kab ba ta ma'ana. Yanzu dangina sun tsare ni da tambaya, ban da amsa. Tahi ka tambayo ta inda tas samo ta. In ta hwaɗi, mu ji."

Washegari da hantsi Tukur ya hau kekensa na hawa ya nufi Shagari. Ya tarar da Kaltume a gindin bishiyar tsakar gida, taskirar auduga a gefenta, mazari yana juyawa a kan 'yar fata. Ba ta waƙa. Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, na yi ɓarna."

"Na jiya."

"Wallahi girmama ki nay yi nuhi. Ɗiyar sarki nam maishe ki."

"An gode. Yara sun hwara kirana gimbiya in na hita. Miƙo min allin can."

Ya miƙa mata. Ta shafa a yatsunta ta ci gaba da jan zare.

"Inna, Mainasara abu guda shika so. Ki hwaɗi inda kinka samo waƙar, magana ta mutu."

"Ni ɗiyar Abu ta, mutumin Kajiji, mai shanu. Waɗanda sunka san shi ƙasa ta rufe su. Wanda ya yarda ya yarda."

"Waƙar nika tambaya."

"Waƙa dai waƙa ta. Na ji, na riƙe."

"Bakin wa?"

"Tukuru, cikin littattahan nan naka ba a rubuta cewa in tsohuwa ta yi shiru a ƙyale ta ba?"

"To auren Safinatu hwa, Inna?"

Mazarin ya tsaya. Ta daɗe tana kallon zaren da ke tsakanin yatsunta, sannan ta ce, "Allah na nan." Ya tashi ya fita.

Shirun nata shi ya ƙara wa maganar ƙarfi a gari. Tukur ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya wuce fadama wurin baffansa Ummaru, ya same shi yana ba irin albasa ruwa da ƙwarya. Ya roƙe shi, a matsayinsa na babba kuma tsaran Kaltume, ya je ya matsa mata ta yi magana.

Ummaru ya ajiye ƙwaryar. Ya duba dama da hagu, ba kowa kusa sai tsuntsaye. Ya ce:

"Zauna, ɗan banza mai karatu. Ramin da kaka tono ƙarƙashin ƙahwarka shike."

Tukur ya zauna a kan kunyar albasa.

"Uwarka ba yunwa tak kawo ta ba. Tana ƙarama anka kamo ta daga wata ƙasar duwatsu, kahin zuwan Nasara. Wani gida tat tashi a Lambara. Ubanka ya gan ta ya so ta, ya hwanshe ta ya aure ta, ya kawo ta nan inda ba a san ta ba. Mutanen gidan sun daɗe da ƙarewa. Mu ukku munka rage da sani, ni da ubanka da Kaltume, shi kuma ya tahi. Abin da uwarka taz zo da shi daga gidan ubanta waƙar nan ɗai ta. Da ita taka lallashinka. Da tar rasu kana kuka ba ka yin shiru sai an yi maka ita, shi na Kaltume tak koya saboda kai. Ta bi bakinta, ba ta sake ta ba."

Daga baya Tukur ya ce bai san lokacin da ya cire hularsa ba.

"Yanzu ka ja bakinka," in ji Ummaru. "Kaltume ta yi wa ubanka alkawari, ta riƙe. Kai ma riƙe. Safinatu yarinya ta, ta samu wani mijin. Kai kana da ɗiya ukku. In ka buɗe baki Lami za ta biya, ba kai ba."

Tukur ya koma Bodinga ya ja bakinsa.

Wannan shi ne lokacin da ba ya son a tambaye shi a kai. Abin da maƙwabtansa suka gani shi ne ya daina karatu. Da mutane suka taru ranar kasuwa suna neman ƙarshen labari, ya ce ruwa ya jiƙa takardun. Ya daina zuwa Shagari. In ya hango Husaini yana tahowa ta layin maɗinka sai ya sunkuya kamar yana gyaran bel ɗin keke. Atamfofin amarya ya naɗe su ya tura ƙarƙashin tebur ya ɗora tsummoki a kai. Sodangi ya ce a wannan tsakanin ya ga Tukur ya ɗinka wa wani riga da aljihu a baya, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyo. Gero ya nuna, aka yanke, aka kai rumbu. Ranar da aka sa ta zo ta wuce ba a ɗaura komai ba.

Safinatu ce take kawo zaren kakarta kasuwar Bodinga. Ta jima ba ta bi ta layinsa ba. Ran nan sai ga ta a bakin rumfa, ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba.

"Kawu, ina wuni."

"Lahiya lau, Safinatu. Ina Inna?"

"Tana nan. Tac ce in kawo maka wanga, wai naka ya kusa ƙarewa." Ta ajiye ƙullin zare a kan tebur. Tsohuwar ta saba aiko masa da zaren ɗaurin gwaji, wanda ake kama yadi da shi kafin a sa a keke, tun da ya buɗe rumfa, kuma ba ta fasa ba.

Ya rasa inda zai sa idonsa. Yarinyar ba ta tashi ba.

"Kawu, cikin littahin nan naka, ƙarshe sun yi aure?"

"Sun yi."

"To madalla. Su dai sun dace."

Sodangi ya sunkuyar da kai ya ci gaba da wasa askarsa.

"Inna ta bar waƙa," in ji Safinatu. "Kaɗi takai shiru kamar mai zaman makoki. Na ce mata ta hwaɗi gaskiya ko mi ta, in bayi muke in sani, ni na iya ɗauka. Tac ce ba nata na ba balle ta bayar. Ban gane ba, na ƙyale ta." Ta gyara mayafinta. "Ka ba ni atamhwar mutane in maida musu. Ba shi da kyau tana zaune."

"Na riga na yanka."

"To ka haɗa musu guntayen."

Ta tashi ta tafi. Tukur ya zauna yana kallon ƙullin zaren har aka kira magariba.

Matarsa ya fara gaya wa, da Lami tana tsaye a bakin turmi. Ya faɗa musu abin da Ummaru ya faɗa masa, da abin da yake shirin yi. Salamatu ta ce:

"Kai kas san nauyin da kaka iya ɗauka. Amma ka sani ba kai ɗai za ka ɗauke shi ba."

Lami ta juya ga turminta. Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka.

Ya koma zauren Mainasara ya faɗa masa. Dillalin ya saurara har ƙarshe, ya yi salati, ya jima yana shafa gemu.

"Na yarda da kai, don ba mai ɗora wa uwatai wanga abu da ƙarya. Amma Tukur, a kasuwa anka ɓata tsohuwar. Ni ɗai naj ji gyaran. In na tahi na hwaɗa wa dangina, cewa za su yi mun shirya a zaure."

"Na gane, ranka shi daɗe."

Ranar kasuwa da ta biyo ya sa Sodangi ya baza cewa za a ƙarasa labari. Bayan la'asar taron ya fi na kullum, har kan buhunan albasa an hau. Tukur ya rufe kan keke ya miƙe tsaye. Hannunsa ba takarda. Waɗanda ke kusa sun ce ƙasa yake kallo tun daga farko har ƙarshe.

"Jama'a, yau ba karatu. Labarin da nak karanta muku, ɗiyar sarki da mai gishiri, ƙarya ta, ni nash shirya. Da na buɗe shi da ga ta nan kamar yadda Sodangi yac ce, da ba a kai nan ba. Waƙar ita gaskiya ta, amma ba ta Inna Kaltume ba ta. Inna ɗiyar Abu ta, mutumin Kajiji. Waƙar ta uwata ta, Zulai. Ita anka kamo tana ƙarama. Ubana ya hwanshe ta ya aure ta. Da tar rasu Inna tak koyi waƙar don in bar kuka. Ta yi shiru na don ta rufa min asiri ni da ɗiyana. Na san wanga tun kahin a yanke gero, ban hwaɗi ba sai yau. Shi ke nan abin da ag gare ni."

Can daga baya wani matashi mai jaki ya ɗaga murya:

"Ashe jikan sarki na ka ɗinka muna wando ba mu sani ba!"

Wasu suka yi dariya. Sodangi ya nuna shi da askar da ke hannunsa.

"Kai, rufe muna baki. Ni naj jiƙa kanka nay yi maka aski ranar sunanka. In na hwara nawa karatun, rabin kasuwar ga ba su kwana gida."

Dariyar ta canza wuri, sannan ta mutu. Mutane suka watse biyu-biyu suna magana ƙasa-ƙasa. Tukur ya zauna ya buɗe kan keke, amma bai taka shi ba.

Cikin satin Mainasara ya sake aika goro Shagari, aka sa sabuwar rana. Yara sun daina kiran Kaltume gimbiya. A ɓangaren Tukur kuwa, wasu masu kawo ɗinki sun koma rumfar gaba, wasu suna nan. Baffansa Ummaru ya aiko a gaya masa kada ya sake taka fadamarsa. Saurayin Lami ba a ƙara ganinsa a ƙofar gida ba, iyayensa kuma ba su aiko da ko ƙwayar magana ba. Lami tana gaishe da ubanta safe da yamma kamar kullum, kuma shi ne ba ya iya haɗa ido da ita.

Ya je Shagari bayan an sake kai goron, yana zaton ko Inna za ta sauko. Ya same ta a wurin da ya bar ta. Ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Wa yas sa ka?"

"Safinatu nad duba, Inna."

"Lami hwa, ka dube ta?"

"Na dube ta."

"Ubanka ya kama hannuna yana ciwon ajali, nay yi mai alkawari. Shekara arba'in ina riƙe da abin ga, kai ka zubar da shi kasuwa har sau biyu. In na tahi na iske shi, mi za ni ce mai?"

"Ki ce ni na, Inna. Ke ba ki hwaɗi ba."

"Bakina kaj ji waƙar dai. Da na haɗiye ta tun kana goye, da ba ka same ta ba." Ta juya masa baya ta jawo taskirarta. "Tashi ka ba ni wuri."

Littafin yana cikin akwatinsa, bai aika Zariya ba, bai kuma ƙone shi ba. In an tambaye shi ko zai sake rubuta wani, sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Gaskiya ne, don ya fito da atamfofin daga ƙarƙashin tebur ya kakkaɓe su, ya yi musu ɗaurin gwaji da zaren da tsohuwar ta aiko, ya ajiye duk wani ɗinki sai da ya gama su.

Shekaranjiya ya ɗaure su a bayan kekensa ya kai Shagari. Bai shiga ciki ba, a zaure ya tsaya ya yi sallama. Safinatu ta fito ta karɓa, ta buɗe ta duba wuyan riga ɗaya, ta ce ya yi. Ya ce ta shiga ta tambayar masa Inna abu guda: mene ne sunan mahaifiyarsa na can, kafin a kira ta Zulai.

Yarinyar ta jima a ciki. Da ta dawo tana ɗauke da ƙwaryar fura.

"Tac ce ba ta sani ba, Kawu. Wai ta taɓa tambaya, mai sunan ma ta mance shi. Waƙar ɗai tar rage mata." Ta ajiye ƙwaryar a gabansa. "Tac ce kuma ka sha, rana ta yi zahi, kada ka hwaɗi kan hanya a ce ita ta."

Tukur ya durƙusa ya shanye furar, ya miƙa mata ƙwaryar da hannu biyu, ya hau kekensa ya koma Bodinga.